Wai dole sai gari ya rasa kamanninsa kafin ya ci gaba?

Ɗan'uwa tambayarka sau biyu na karanta ta. Ka ce garinku yana ta bunƙasa, a 'yan shekarun nan tsakiyar garin ta koma wani abu daban, an rushe tsofaffin gine-gine an dasa dogayen benaye masu gilas, shagunan da ka taso ka gani duk sun watse, yanzu in ka shiga ji kake kamar baƙo, kuma da ka buɗe baki ka yi ƙorafi sai abokanka su ce kai dai ba ka son cigaba ne. Shi ne kake tambaya wai haka abun yake a ko'ina ba makawa, ko akwai yadda gari zai girma bai zama wani gari daban ba, kuma me mutanen gari za su iya yi.

Toh ni dai sana'ata kenan, tsara birane, na kwashe shekaru ina kan taswira da takardun neman izinin gini, wasu na sa musu hannu na ji daɗi, wasu kuma har yau in na bi ta wajen kau da kai nake yi. Don haka bari in faɗa maka yadda nake ganin abun, ka yi haƙuri zai ɗan ja.

Da farko dai abokan naka suna da tasu gaskiyar, kar mu ƙwace musu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma zuwa 2050 za su kai kashi 68. Mutanen nan zuwa suke yi ko ana so ko ba a so, dole a sami inda za su kwana da inda za su nemi abinci, kuma tsakiyar gari nan ne tituna suka haɗu, nan bututun ruwa da wayar wuta da tashar mota suke tun asali, ka ga nan ya fi dacewa a ƙara gini. In ka hana ginawa a tsakiya ba tsayawa garin zai yi ba, bazuwa zai yi ta gefe ya cinye gonaki, ma'aikaci ya rinƙa ɓata awa biyu a hanya kafin ya iso wajen aiki. Kuma abun da muke kira "asalin kamannin gari" shi ma sau da yawa wata rana baƙo ne. Ɗauki Faris ta Faransa, wadda yau duk duniya ake kwatance da ita, manyan titunan nan nata da gidajen dutse masu baranda, ai rusau ne ya haife su. Tsakanin 1853 da 1870 Haussmann, jami'in da aka damƙa wa birnin a ƙarƙashin sarki Napoleon na 3, ya yi ta farke tsofaffin unguwanni yana shimfiɗa tituna, talakawa da yawa suka koma bayan gari, mutanen lokacin suna ta kukan an kashe musu Faris ɗin da suka sani. Hasumiyar Eiffel ma da aka gama a 1889, tun ana kan gininta manyan marubuta da masu zane suka sa hannu a takardar nuna ƙin ta, wai za ta ɓata garin. Yau je ka ce za ka taɓa ta ka gani.

Amma fa kai ma ba son zuciya ne ko begen bara kawai yake damunka ba. Abun da ka ji ya ɓace ɗin da gaske ne ya ɓace, har auna shi ana iya yi, sai dai yawancin mutane ba su san inda yake ɓuya ba, sai su kama faɗa da tsayin bene ko da gilas. Ni a wajena tsayi ba shi ne matsalar ba. Mutum yana tafiya a ƙafa ba ya ɗaga kai ya ƙirga hawa, abun da idonsa yake gani hawan ƙasa ne da ɗan abin da ke samansa, shi kenan. Kamannin gari a ƙofofi yake.

Bari in ba ka misali da wani layi da na taɓa yi wa aiki. Layin bai fi ka taka shi a minti biyu ba, amma da na bi da littafina ina ƙirgawa ƙofa 30 da 'yan kai na samu a gefe ɗaya, mai ɗinki, mai aski, mai sayar da litattafai, ɗan kemis, mai yanka mukulli, mai gyaran takalmi, ofishin wani tsohon lauya da allonsa ya koɗe, sannan tsakanin kowane shago biyu ko uku akwai 'yar siririyar ƙofa da matakala da ke hawa sama inda mutane ke haya. A ƙarƙashin ɗaya daga cikin matakalun nan akwai wani dattijo mai gyaran agogo, wajensa gaba ɗaya bai fi tabarma ɗaya ba, ɗan akwatin gilas ne da kujera da fitila da wannan madubin da suke maƙalawa a ido. Na zauna kusa da shi kamar awa ɗaya, a cikin awar nan agogo biyu kawai aka kawo masa amma mutum ya fi goma da suka tsaya, wannan ya bar masa mukullin ɗaki ya ba matarsa in ta dawo, wancan ya karɓi saƙon da aka ajiye masa, wani baƙo ya tambayi inda ofishin lauyan yake, wata yarinya da ta taso daga makaranta ta zauna a gefensa tana jiran uwarta ta rufe shago. Ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba wanda yake biyansa, amma shi ne maigadin layin, shi ne gidan wayar layin.

Bayan 'yan shekaru wani kamfani ya bi masu filayen ɗaya bayan ɗaya ya saye, ya haɗe fuloti goma sha wani abu ya mai da su ɗaya, ya gina bene, kuma wallahi ginin ya yi kyau ban ce komai ba. Sai dai ƙofa huɗu ce yanzu a duk tsawon layin: ta banki, ta wani babban kanti, get ɗin shiga fakin, da ƙofar da ake fito da shara. Sauran duk bango ne da gilas mai duhu. Ƙarfe shida na yamma an kulle, layin ya mutu murus, mace ba za ta so ta bi ta nan ita kaɗai bayan magariba ba alhali da can har tsakar dare akwai ido a kan titin. Dattijon nan an yi masa "adalci", an ba shi shago a hawa na 3. Wa zai hau hawa uku don a canza masa batirin agogo? Ban sake ganinsa ba.

Yanzu me ya sa sabon gini ba ya iya riƙe irin mai agogon nan? Ba wai duk masu gini mugaye ba ne, lissafi ne kawai. Tsohon gini ya daɗe da fitar da kuɗinsa, mai shi gado ya ci ko ya gama biyan bashi tun tuni, duk abun da ya shigo riba ce, don haka zai iya barin ƙarƙashin matakala a ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sabon gini kuwa kuɗin fili yana wuyansa, ga kuɗin siminti da rodi da leburori, ga rancen banki da ruwan da ke hawa kansa kowane wata, kuma bankin da ya ba da rancen so yake ya ga ɗan haya mai ƙarfi wanda zai sa hannu a yarjejeniyar shekara goma, wato wani bankin, ko kamfanin waya, ko kantin da ke da rassa a ko'ina. Shi ya sa in ka lura tsakiyar biranen da aka sabunta duk kama suke yi da juna kamar an tsaga kara, ba don masu zanen suna kwaikwayon juna kawai ba, a'a, 'yan hayar da za su iya biya ne iri ɗaya a duk duniya. Sana'o'in da ke ba gari ɗanɗanonsa galibi ribarsu kaɗan ce, kuma sabuwar sana'ar da saurayi zai gwada ya gani ko za ta karɓe shi ita ma ɗaki mai araha take nema. In ka share tsofaffin gine-gine gaba ɗaya a lokaci ɗaya, araha ka share.

Kuma ka koma kan Faris ɗin nan ka ga abin mamaki, duk da ɓarnar da Haussmann ya yi wa mutane, gine-ginen da aka yi a zamaninsa shaguna ne a ƙasa, gidajen kwana a sama, hawa biyar ko shida, kowanne da ƙofarsa a bakin titi kuma masu su daban-daban, shi ya sa rai ya sake komawa cikinsu. Kwatanta da Beirut ta Labanan. Bayan yaƙin basasar 1975 zuwa 1990 aka kafa kamfani ɗaya a 1994, Solidere, aka damƙa masa tsakiyar birnin, masu filaye aka ba su hannun jari a madadin dukiyarsu, aka gyara gine-gine da dutse mai kyau tamkar a hoto. Amma tsofaffin kasuwannin da kowa da kowa ke cuɗanya a cikinsu sun koma kantunan masu hannu da shuni, kuma ƙorafin da mutanen Beirut da yawa suka yi ta yi shi ne wajen ya yi kyau amma ba nasu ba ne. Mai fili ɗaya, ra'ayi ɗaya, ɗan haya iri ɗaya.

Na san abun da zai zo maka a rai, toh a kafa doka mana a hana taɓa tsofaffin gine-gine. Eh yana da amfani, amma a nan ne masu kishin tarihi su ma suke zamewa. Singafo a 1989 ta ware tsofaffin unguwanninta irin su Chinatown da Little India da Kampong Glam ta ce ba za a rushe ba, kuma sun yi ƙoƙari sosai, gidajen nan masu shago a ƙasa suna nan an yi musu fenti tsaf. Sai dai da aka gyara su daraja ta hau, haya ta bi ta, a wurare da dama iyalan da ke kwana a sama da masu ƙananan sana'o'i suka tashi, otal-otal da ofisoshi da masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido tsaraba suka maye. Venice ta Italiya ta fi muni, ba wanda ya rushe komai, amma tsohon garin da ke da mutum kusan 175,000 a farkon shekarun 1950 ya sauko ƙasa da 50,000 a 2022, gidaje sun koma masaukin baƙi na kwana biyu. Bango yana nan, masu gari sun tafi. Waɗanda na fi jinjina wa su ne mutanen Bologna, ita ma a Italiya, da suka fito da tsarinsu na tsohon gari a 1969 suka ce gini da mutanen cikinsa za a adana tare, har kuɗin gidajen gwamnati suka sa wajen gyara tsofaffin gidaje don masu ƙaramin ƙarfi su ci gaba da zama a tsakiya. Bai tafi ɗari bisa ɗari ba amma niyyar ita ce daidai.

Sannan akwai ɗaya ramin da ba a cika magana a kai ba, wato a ƙi zuba kuɗi a tsakiyar gari kwata-kwata. Johannesburg ta Afirka ta Kudu ta gani, a shekarun 1990 manyan kamfanoni suka yi ta ficewa zuwa arewacin birnin, kasuwar hannun jari ma ta koma Sandton a 2000, masu benaye da yawa suka yi watsi da su, 'yan daba suka mamaye suna karɓar haya a gine-ginen da babu ruwa babu wuta babu ƙofar tsira, har a watan Agustan 2023 gobara ta tashi a ɗaya daga cikinsu ta kashe sama da mutum 70. Don haka in na ji mutum yana cewa a bar komai yadda yake, tambayarsa nake wa zai gyara rufin, wa zai canza tsofaffin wayoyin wutar da suka ruɓe. Tsohon gini in ba ya kawo abin da za a kula da shi da kansa zai zube, ba sai katafila ta zo ba.

Af, kafin in manta, mota. Wallahi da za a auna, mota ta cinye tsakiyar birane fiye da dogayen benaye. Wajen fakin na mota ɗaya in ka haɗa da hanyar shiga da fita yana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, ka ga ya fi shagunan mutane da yawa girma, wajen mai agogon nan sai ka yanka goma a ciki. Toh dokokin gini a garuruwa da yawa suna tilasta wa duk mai sabon gini ya samar da fakin kaza, mai ɗan ƙaramin fuloti kuwa ina zai samo, sai dole ya sayar wa wanda zai haɗe filaye. Ka ga doka ce da kanta take kashe ƙananan filaye ba tare da kowa ya yi niyya ba, kuma mu ma'aikatan tsara gari mu muke aiwatar da ita, ni ma na sha maido da takardar mutum saboda wannan, abun yana cizona. Amurka ta ɗanɗana, dokar gidaje ta 1949 da ta manyan tituna ta 1956 sun ba da kuɗin da aka share unguwanni da dama aka ratsa tsakiyar birane da gadojin sama, kuma unguwannin baƙaƙen fata ne suka fi shan wuya, yanzu ga su suna kashe kuɗi wajen warware abun, birnin Buffalo a 2017 ya soke dokar tilasta fakin a duk faɗinsa. Copenhagen ta Denmark tun 1962 ta hana mota shiga babban titin kasuwancinta, 'yan kasuwa suka yi ta kururuwa za a kashe musu ciniki, sai ga shi titin ya cika da masu tafiya a ƙafa. Curitiba ta Birazil ta yi irin haka a 1972 lokacin magajin gari Jaime Lerner.

Seoul ta Koriya ta Kudu kuma darasi biyu ta ba mu a aiki ɗaya. Tsakanin 2003 da 2005 suka rushe wata gadar sama da ta ratsa tsakiyar birnin suka tono rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙarƙashinta, yau wajen shan iska ne kowa yana yabawa kuma ya cancanci yabo. Amma 'yan kasuwa da 'yan tebur da ke cin abinci a gefen gadar fa? An yi wa wasu alkawarin shaguna a wani katafaren gini can kudu maso gabashin birnin, nesa da masu sayensu, da yawa ba su iya kuɗin ba, waɗanda suka koma ma ciniki bai bi su ba. Labarin mai agogo ne dai a babban faifai. Kasuwa ba gini ba ce da za ka ɗauke ta ka dire a wani waje, sawun mutane ce, kuma sawu ba ya bin takardar hukuma. Ko a 2024 ma an rushe babban ɓangare na Piassa, tsohuwar unguwar tsakiyar Addis Ababa ta Habasha, don faɗaɗa tituna da ƙawata birni, mazauna da yawa aka kai su gefen gari, shekaru masu zuwa ne za su nuna abun da aka samu da abun da aka rasa.

Toh ga tambayar da nake so ka riƙe, wadda ba kasafai ake yin ta a taro ba: da darajar filin tsakiyar gari ta ninka, wa ya ninka ta? Mai filin bai yi komai ba, barci yake ta hau. Jama'ar da suka ƙaru ne, da titin da aka yi da harajin kowa, da tashar jirgi ko ta bas da aka kawo. Kuma ranar da hukuma ta ce filin da a da hawa 3 aka yarda a yi yanzu an yarda a yi hawa 15, da biro ɗaya ta zuba wa mai filin dukiya. Wannan izinin na jama'a ne, bai kamata a bayar da shi kyauta ba, kuma nan ne gari yake da abin ciniki a hannu. São Paulo ta Birazil gwanjon izinin ƙarin hawa take yi a wasu yankuna ta sa kuɗin a ayyukan yankin. A Ingila akwai sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990 da ke ba ƙaramar hukuma damar ɗaure mai gini da sharaɗi, kamar ya ware wasu gidaje masu sauƙin haya kafin a ba shi izini. Faransa a 2000 ta wajabta wa garuruwa da yawa kashi 20 cikin 100 na gidajensu su zama na masu ƙaramin ƙarfi, a 2013 aka ɗaga wa da yawansu zuwa 25. New York kuma sai da ta yi asarar tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Penn da aka fara rushewa a 1963 sannan ta farga ta yi dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, ihu bayan hari, amma dokar ce ta ceci tashar Grand Central har Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1978, kuma suna da wata dabara mai kyau, mai tsohon gini da aka hana shi rushewa zai iya sayar wa maƙwabcinsa hawan da bai gina ba, shi bai yi asara ba gari ma bai yi ba.

Ba wai ina cewa a kwaso waɗannan a dasa a garinku kamar yadda suke ba, kowace ƙasa da dokar filayenta da ƙarfin hukumarta, kuma doka mai kyau a hannun ma'aikacin da ake gani a bayan ofis ba ta da maraba da babu. Abun da nake nuna maka shi ne ba ƙaddara ba ce, zaɓi ne ake yi a ofis, a kan takarda, galibi shekara biyar ko goma kafin ka ga katafila.

Nan ne kuma mutanen gari suke makara kullum. Sai an kewaye fili da kwano an fara haƙa sannan a fito da kwalaye ana zanga-zanga, alhali a lokacin an gama komai, an sayi fili an ci bashi an ba da izini, ko ni da nake ciki ba abin da zan iya. Tun ran gini ran zane. Lokacin faɗa shi ne lokacin da ake sabunta babban tsarin gari ko ake canza dokar amfani da filaye, a ƙasashe da yawa doka ta ce sai an baje taswirar an ji ra'ayin jama'a, kuma na sha zama a irin wannan taron, kujeru a jere ba kowa sai wakilan kamfanonin gini da lauyoyinsu, su ba sa fashi ko sau ɗaya. In kun je kuma don Allah kar ku tsaya kan "ba ma son bene", a minti ɗaya za a kayar da ku da maganar ayyukan yi da haraji, kuma da gaskiyarsu. Ku ce a yi benen, amma hawan ƙasa a yanka shi ƙananan shaguna masu kallon titi, kar a yi katanga ko fakin a gaba, a sa iyaka ga yawan fulotin da mutum ɗaya zai haɗe a tsofaffin layuka, a sa gidajen kwana a sama ba ofisoshi zalla ba don wajen kar ya mutu da dare, wani kaso na gidajen ya zama wanda malamin makaranta da nas da direba za su iya biya, sannan a yi aikin kashi-kashi ba a share unguwa guda a shekara ɗaya ba, don tsoho da sabo su zauna tare, haya mai tsada da mai araha su samu a layi ɗaya. Duk wanda za a tasa kuma a mai da shi nan ƙasa a bakin titin, a rubuce, kafin a fara rusau ba bayan an gama ba. Mai gini zai yi ƙorafi amma in filin yana da riba zai sa hannu, na ga an yi.

Su kuma masu shagunan, maganar da nake faɗa musu kullum ba sa son ji: muddin haya kake, ranar da unguwa ta yi daraja kai ne farkon fita, kuma abin haushin ma kai ne ka ja mata darajar. 'Yan kasuwar da na ga sun tsira su ne waɗanda suka haɗa kai tun wajen yana araha suka sayi ginin da suke ciki da sunan ƙungiya, ko suka ɗaure mai gida da doguwar yarjejeniya a rubuce gaban lauya. Wasu biranen ma hukuma tana taimakawa, Faris tana da kamfaninta da ke sayen shaguna a wasu unguwanni ya ba masu ƙananan sana'o'i haya, San Francisco da Lisbon kuma a 2015 kowacce ta fito da shirin rajistar tsofaffin shaguna don a tallafa musu, ba ya ceton kowa amma ya fi babu.

Kai kuma tunda abun yana damunka, ga aikin da za ka iya farawa a satin nan ba sai da kowa ba. Zaɓi layi biyu ko uku a tsakiyar garin naku da ba a kai ga taɓawa ba tukuna, ka bi da wayarka ka ɗauki hoton kowace ƙofa, ka rubuta me ake yi a ciki, shekara nawa suka yi a nan, haya suke ko nasu ne, mutum nawa ke kwana a sama. Ka yi haka kuma a layin da aka riga aka sabunta, da rana sau ɗaya, da dare wajen ƙarfe tara sau ɗaya, ka ƙirga masu wucewa na minti goma. Sannan ka leƙa ofishin tsara gari ka tambayi yaushe za a sake duba tsarin yankin da kuma ko akwai takardar neman izini da ke jira a kan layukan nan, in an ga fuloti uku huɗu a jere sun canza hannu zuwa suna ɗaya cikin shekara guda toh ka san abin da ke tafe. Ranar taro ka ɗora hotunan nan biyu gefe da gefe a gaban kansiloli, ƙofa 30 ga ƙofa 4.